Ra'ayi: Kuɗin kati na iya komawa bayan wata huɗu, banki kuma ba ya karɓar rantsuwa

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram, in mai saye ya ƙirga kuɗi ya miƙa, magana ta ƙare. Matasan da suka fara sayar da shadda, takalman fata ko azurfar Agadas ga ƴan ci-rani ta intanet sun shiga wata kasuwar da ba haka take ba. Duk kuɗin da aka biya da katin Visa ko Mastercard, mai katin na iya zuwa bankinsa ya ce bai yarda da cinikin ba, a zare kuɗin daga asusun ɗan kasuwa. Da Faransanci ana kiran wannan rétrofacturation, kuma a yawancin lokuta mai kati na da kwana 120 na kai ƙara.

A ɗauki tela a Maraɗi da ya aika ɗinkin jaka 200 zuwa Faransa. Bayan wata uku bankinsa ya sanar da shi cewa mai sayen ya ce kaya ba su iso ba. Kuɗin sun fita, kayan sun tafi, sau da yawa kuma har da wani cajin da ake ɗora wa mai sayarwa. Abin da telan zai fara yi shi ne kiran mutumin ta WhatsApp, ko neman wani dattijo ya shiga tsakani. Yana wannan, wa'adin mayar da martani na tafiya: Visa na ba da kwana 30, Mastercard 45, bankuna da yawa kuma na rage wa ɗan kasuwa wannan lokaci. Wanda ya yi shiru ya faɗi shari'ar.

Tsarin ba zalunci ba ne. An kafa shi ne don kare wanda aka sace wa lambar kati ko aka aika masa jabun kaya. Matsalar ita ce shari'a ce ta takarda, cinikin gida kuwa na amana ne da baki.

Kowace ƙara na zuwa da dalilinta, kuma shi ya kamata a amsa. In an ce kaya ba su iso ba, a kawo lambar bin sawun kaya da sa hannun wanda ya karɓa. In an ce ba irin su aka yi oda ba, a kawo hoton da aka nuna da saƙon da mai sayen ya amince. In an ce katin sata ne, biyan da aka tabbatar ta 3-D Secure, wato lambar sirrin da banki ke turo wa mai kati, yakan mayar da asarar kan bankin mai katin. Shi ya sa aika kaya ta hannun matafiyi ba rasit babbar kasada ce. In kuma laifin daga shago ne, gara a mayar da kuɗi da wuri, domin ƙara in ta yi yawa ana iya rufe wa mutum hanyar karɓar kati gaba ɗaya.

Su ma ƴan ci-rani da nasu nauyin. Wanda ya karɓi kaya ya sa a jiki, sannan ya ce wa bankinsa a Paris ko New York bai gan su ba, jarin wani matashi ya cinye. Wanda ke da ƙorafi na gaskiya ya fara tuntuɓar mai kayan.

Bankunan da ke raba na'urar karɓar kati a shaguna da otal-otal na Yamai, tare da Majalisar Ƴan Kasuwa ta Nijar, ya kamata su bayyana waɗannan dokoki da Hausa da Zabarmanci tun ranar sa hannu a yarjejeniya. Kafin nan, duk mai karɓar kati ya ajiye rasit, hotuna da saƙonnin kowane ciniki na aƙalla wata shida.