NAZARI: Kashi 5 na guraben aiki ga masu nakasa, alƙawarin da babu mai bin kadinsa

A watan Janairun 2019 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Nakasa, bayan ƙudirin ya sha zarya tsakanin Majalisar Tarayya da fadar shugaban ƙasa. Sau biyu majalisa ta zartar da shi a zamanin Goodluck Jonathan, sau biyu kuma aka ƙi sa masa hannu. Shi ya sa ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu suka karɓi dokar da murna. Sashen da ya fi faranta ran matasan da suka yi karatu a cikinsu shi ne na 29, wanda ya tanadi cewa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan kowace ma'aikata ko hukumar gwamnati su kasance masu nakasa.

Shekaru sun shuɗe, an kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, wato NCPWD, a 2020, har ma an sauya shugabancinta a watan Agustan 2024 lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ayuba Gufwan ya gaji James Lalu. Sai dai har yanzu ƙorafin bai sauya ba: ana ɗaukar ma'aikata, ba a ganin kashi biyar ɗin. Wanda ya karanta dokar da kyau zai ga cewa tun wajen rubuta ta aka bar giɓin da ake sulalewa ta ciki.

Abin da dokar ta faɗa, da inda ta yi shiru

Sashe na 28 ya haramta wa mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda nakasa, ya kuma yanke diyya: aƙalla naira 250,000 a kan mutum, naira 500,000 a kan kamfani. A 2019, lokacin da dala take wajen naira 306 a farashin gwamnati, wannan kuɗi yana da ɗan nauyi. Bayan faɗuwar darajar naira, da kuma mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, diyyar kamfani ta koma daidai da albashin wata bakwai na ƙaramin ma'aikaci. Kafin ma a kai ga wannan diyya, sai wanda aka zalunta ya nemi lauya, ya shiga kotu, ya kuma tabbatar da cewa nakasarsa ce ta sa aka ƙi shi. Babu ofishin da ke rubuta wannan dalili a takarda.

Sashe na 29 kuwa yana da rauni uku. Na farko, ya ce a cika kashi 5 ɗin gwargwadon hali, kalmar da kowane babban sakatare zai iya fakewa da ita. Na biyu, bai ambaci wani hukunci a kan hukumar da ta ƙi cikawa ba. Na uku, ma'aikatun gwamnati kawai ya shafa, don haka bankuna da kamfanonin sadarwa da masana'antu suna wajen da'irarsa.

Wannan rauni na uku yana da girma. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da ba su da rajista ne, a kasuwa da gona da gareji. Aikin gwamnati ɗan tsagi ne na abin da ya rage. Ko da an cika kashi 5 ɗin gaba ɗaya, mafi yawan masu nakasa ba za su gani a ƙwaryarsu ba. Amfanin kason shi ne gwamnati ta zama abin koyi, kuma ko nan ba ta kai ba.

Ƙasar da ba ta san yawan mutanenta ba

Ƙidayar jama'a ta 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, ta sami masu nakasa miliyan 3 da ɗoriya. Wani rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ambaci kimanin miliyan 29. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ta isa ta nuna cewa ana tsara manufa ne a cikin duhu. Haka lamarin yake a cikin ma'aikatu: dokar ba ta tilasta wa kowace hukuma ta riƙa bayyana yawan masu nakasa da ke cikin ma'aikatanta a duk shekara ba. Abin da ba a ƙirga ba, ba a iya cewa an cika shi ko an gaza.

Shingayen da ke gaban ranar tantancewa

Jami'an ɗaukar ma'aikata kan kare kansu da cewa masu nakasa da suka cancanta ba su da yawa. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin yaro kurma ko makaho a ƙauye sau da yawa ba ya samun makarantar da za ta karɓe shi. Amma maganar ba ta cika ba. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana yaye ɗalibai tun shekarun 1950. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Masu digiri suna nan, suna kuma ƙaruwa.

Abin da ke tare su ya fi yawa a cikin tsarin ɗaukar aikin kansa. Tallar gurbi kan ƙayyade shekarun haihuwa, alhali wanda ya fara firamare a makare saboda rashin makaranta a kusa zai gama jami'a bayan ya haura iyakar. Shafin cike takardar neman aiki a intanet sau da yawa ba ya aiki da manhajar da ke karanta wa makaho rubutu. Jarrabawar kwamfuta na iya faɗawa a hawa na biyu na ginin da ba shi da hanyar keken guragu. Kurma kan shiga ɗakin tantancewa babu mai fassara maganar hannu. Takardar shaidar lafiya da ake nema kan zama dalilin sallama, ko da aikin na zama a teburi ne.

Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati da hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ke zirga-zirga a sakatariyoyi ya san matakala nawa suka rage.

Yadda wasu ƙasashe suka ɗaure maganar

Jamus ma kashi 5 ta ɗora, amma a kan duk mai ɗaukar aiki da ke da ma'aikata 20 zuwa sama, na gwamnati ne ko na kasuwa. Kowace shekara sai ya miƙa lissafi. Wanda bai cika ba yana biyan kuɗi duk wata a kan kowane gurbin da ya bari, kuma a 2024 kuɗin ya kai Yuro 720 ga manyan kamfanonin da ba su ɗauki ko mutum ɗaya ba. Da abin da aka tara ake gyara wuraren aiki da sayen na'urorin da ma'aikaci mai nakasa yake buƙata. Kenya ta bi ta wata hanya a dokarta ta 2003: kamfanin da ya ɗauki mai nakasa zai iya cire kashi 25 na albashin da ya biya shi daga kuɗin da ake yanka masa haraji a kai.

Ko a waɗannan ƙasashe kason bai cika ko'ina ba, wasu kamfanonin Jamus ma sun gwammace su biya kuɗin su huta. Bambancin shi ne ƙin cikawa yana da farashi, cikawa kuma tana da lada.

Kayan aikin suna hannun gwamnati

Najeriya ba baƙuwar ƙirga ma'aikata ba ce. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, aikinta ke nan: duba yadda aka raba guraben aiki tsakanin jihohi. Tsarin biyan albashi na IPPIS yana riƙe da bayanan ma'aikatan tarayya. Ƙara layi ɗaya na nakasa a waɗannan rajistoci, tare da wallafa jimillar kowace ma'aikata duk shekara ba tare da sunaye ba, abu ne da umarnin ofis zai iya farawa.

Haka batun kamfanoni. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna takardar shaidar biyan kuɗin fansho daga PenCom, da ta ITF, da ta NSITF. Waɗannan biyun na ƙarshe kowannensu na karɓar kashi 1 na kuɗin albashin kamfani. Hanyar da ake bi a karɓi waɗannan kuɗaɗe ita ce za a iya bi a kafa asusun gyara wuraren aiki, a kuma sa ɗaukar masu nakasa cikin sharuɗɗan manyan kwangiloli.

Akwai hatsari a nan da bai kamata a ɓoye ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya saurari shaidu kan yadda ake sayar da guraben aiki, da yadda hukumomi ke karɓar izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da tallata guraben ba. Inda ake raba aiki a ɓoye tsakanin masu uwa a gindin murhu, kason masu nakasa ma zai iya zama haja, a cike shi da sunayen waɗanda lafiyarsu ƙalau. Don haka duk wani lissafi sai ya zo da tantancewar NCPWD da idon ƙungiyoyin masu nakasa kansu.

A Arewa batun yana da zafi na daban. Kano ta haramta bara a kan tituna a 2013, ta kuma sake jaddada haramcin a 2020. A garin ne kuma ƙungiyar waɗanda cutar shan-inna ta nakasa ke walda, suna ƙera kekunan guragu suna sayarwa. Gwamnatin da ta ce wa mutum ya ajiye ƙoƙon bara, wajibi ne ta nuna masa ƙofar da zai shiga ya ci guminsa.

Gyara sashe na 29 aikin majalisa ne: a cire kalmar gwargwadon hali, a sa hukunci, a faɗaɗa shi zuwa manyan kamfanoni. Kafin nan, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya takarda, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Tambayar gajeriya ce: ma'aikata nawa kuka ɗauka daga Janairun 2019, kuma nawa ne masu nakasa a cikinsu?