Wa ya ce a kai jinjirin kwana bakwai bakin gulbi?

 

Duk wanda ke da talho a hannu ya ga abin da za mu yi magana kansa yau. Mace mai juna biyu cikin doguwar riga mai jan ƙasa, tana tsaye bisa tudun rairayi ƙetaren kogi a Yamai, ko bakin tabkin Madarumfa, ko tsakanin duwatsun Damagaram, maigida na bayanta ya ɗora hannu bisa cikin. Bayan ƴan makwanni sai hoto na biyu ya biyo: jinjiri cikin kwando ko cikin babbar ƙwarya, an naɗe shi kamar alkaki, an kewaye shi da furen roba, an ajiye bisa ciyawa a fili.

Hoton farko shi ke jawo faɗa. A ce tarbiyya ta lalace, a ce kunya ta mutu, a zagi matar, a zagi mijin, har a taɓo iyayensu da ba su ji ba su gani ba. Hoto na biyu kuwa ba ka ganin komi ƙarƙashinsa sai "Masha Allah" da "Allah ya raya". Mu a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Matar nan babba ce, da hankalinta, da bakinta, da mijinta, kuma akwai malaman da za ta tambaya in tana son sanin hukunci. Wanda ke cikin kwandon fa? Shi kaɗai ne ba a tambaya ba, shi kaɗai ne ba ya iya cewa rana ta dame shi, kuma shi ne hoton ke iya kaiwa likita.

Mu fara da inda abin ya fito, don ba daga sama ya faɗo ba. A watan Agusta na 1991 mujallar Vanity Fair ta Amurka ta sa hoton ƴar fim Demi Moore a bangonta da tsohon ciki, ba tufa. Ko can sai da aka yi ta cece-kuce, wasu kantuna suka ƙi sayar da ita, wasu suka naɗe ta cikin takarda. A Fabrairun 2017 mawaƙiya Beyoncé ta sanar da cikin tagwayenta da hoto a Instagram, tana durƙushe gaban furanni da mayafi a kai, kuma furannin nan da mayafin nan su ne muke gani har yau a hotunan ƙannenmu. Jinjiri cikin tukunyar fure kuma aikin Anne Geddes ne, wata mai hoto haihuwar Ostareliya, da ta yi suna da shi a shekarun 1990. Daga can abin ya bi ta Legas, Abuja da Kano, ya bi ta Dakar da Abijan, ya iso mana cikin talho.

To amma hoton kawai ya iso. Yadda ake yin shi bai biyo shi ba.

Ku ɗauki wanda samarinmu masu kamara suka fi sha'awa, wanda jinjiri ke zaune kamar kwaɗo, ya tallabe haɓa da hannu biyu. Wallahi babu jinjirin da ya taɓa zama haka da kansa. Masu sana'ar na can hoto biyu suke ɗauka: na farko wani babba ya riƙe kan daga sama, na biyu ya riƙe hannuwan daga ƙasa, sa'annan a haɗa su cikin kwamfuta a goge hannun babban. Haka wanda ake gani yana reto cikin zane a reshen itace, shi ma haɗi ne, yaron yana kwance bisa katifa aka ɗauka. Kuma cikin ɗaki suke yi, ɗakin da aka daidaita ɗuminsa, da mutum guda wanda ba ya da aikin komi sai sa ido da hannu kusa da yaron. Yaronmu da ya sayi kamara bara ya ga hoton da aka gama, bai ga hannun da aka goge ba, sai ya ce bari shi ma ya gwada da ɗan mutane. Jinjiri ba ya riƙe wuyansa sosai sai ya kai wajen wata uku zuwa huɗu. Kansa ya fi ƙarfin wuyan, kuma in haɓarsa ta danne ƙirji hanyar numfashi tana iya tsukewa, shiru, ba kuka. Ana ta cewa "kai, yaron nan akwai barci".

Sai maganar waje, wadda ita ta fi damunmu. Ina ne cikin shekararmu ya dace da jinjirin kwana bakwai ya yi awa biyu a fili? A bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, wani lokaci ya taɓa 45. Jikin sabon haihuwa bai iya daidaita zafinsa ba tukuna: yana ɗaukar zafi da sauri, yana yin sanyi da sauri, kuma ba ya zufa irin ta babba. Ba a ba shi ruwa, nono kaɗai ne har wata shida, haka likitoci ke faɗa mana kullum a gidan rediyo. To uwar da za ta ba da nonon tana can an yi mata kwalliya, an ɗaure ta cikin rigar da ba ta buɗuwa ta gaba, ana cewa ta dakata a ƙare wannan ɗaukar. Lokacin ɗari kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ce da ƙura, a tuɓe yaro don a ga fatarsa ta yi kyau cikin hasken safiya. Mu da muke tsakiyar ƙasashen sanƙarau, mu da muka san yadda tari da ciwon haƙarƙari ke kwasar yara a wannan lokaci. In damina ce, bakin tabki da maraice, sa'ar da hasken ya fi kyau, ita ce sa'ar da sauro ke fitowa cin kasuwa.

Kwana 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwar yaro, kowace ungozoma ta san wannan. Cibi bai daɗe da faɗuwa ba, wani ma bai faɗi ba. Kwandon nan da zanen nan da hular nan mai kunnen zomo, jinjiri nawa suka shiga kafin naku? Wa ya wanke su, da mi? Ku tambaya ku gani in ba a yi muku dariya ba.

Mun san amsar masu hoto, mun sha jin ta. Suna cewa dole a yi cikin makwanni biyu na farko, don lokacin ne yaro ke barci mai nauyi kuma jikinsa ke naɗuwa. In ya wuce nan ya buɗe ido, ya miƙe, ba ya zama yadda ake so. Gaskiya ne, haka abin yake. Amma ku saurari maganar da kyau. Ma'anarta an zaɓi lokacin da yaron ya fi rauni saboda lokacin ne ba ya iya gardama. Kuma a wurinmu galibi abin yana faɗowa ranar suna ko kashegari, ranar da wanzami ya riga ya aske shi, hannu hamsin sun ɗauke shi, turare ya cika mishi hanci, uwar ba ta runtsa ba. A nan ne za a ce a shiga mota ko adaidaita a tahi neman wuri mai kyau. Haba jama'a.

Iyayenmu mata sun ce mai biƙi ba ta fita sai ta yi arba'in. Ba duk abin da aka gada muke karewa ba. Wankan ruwa mai tafasa da kunun kanwa ba ƙaƙƙautawa, likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa suna taɓa zuciyar mai jego, cire beli kuma ya jawo ma yara da yawa zubar jini da ƙin kama nono. Amma zaman arba'in ɗin nan ku dube shi. Kwana 40 ke nan, rigakafin mako shida kuma kwana 42 ne. Tsohuwa da ke ƙauye da ma'aikaciyar gidan haihuwa ba su yi shawara ba, amma lissafinsu ya zo kusan ɗaya. Fita guda ce ta wajaba kafin nan, ita ce zuwa likita: allurar BCG da ɗigon shan inna in ba a yi su ranar haihuwa ba, awon uwa da ɗa, ko in an ga yaro ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙarara, ko numfashinsa ya yi sauri. Tun 2006 doka ta ce kula da yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitar gwamnati, ko da yake mun san yadda ake fama da ƙarancin magani. Abin haushi, akwai gidan da za a ce "ai ba ta yi arba'in ba" in maganar awo ce, amma in mai kamara ne ya kira sai a nemo mota.

Ƴan uwa mata masu hoton ciki, mun ce ba da ku muke faɗa ba, kuma muna nan kan bakanmu. Kalma ɗaya dai. Ku ɗauka in kuna so, cikin sutura, cikin inuwa, ba hawan dutse da wata takwas ba. Amma sakawa a Facebook kafin a sauka, ku yi tunani. Da kakanninmu suke ɓoye ciki, suna cewa "juna biyu", suna cewa "Allah ya raba lahiya", akwai kunya a ciki, akwai tsoron baki, amma akwai kuma sanin cewa ba kowane ciki ke zuwa da goyo ba. Har yau a ƙasar nan hakan take. Kuma Facebook yana da wata ɗabi'a ta dawo ma mutum da hoton bara a ranar da ya saka shi, da sunan tunawa. Na'ura ce, ba ta san an yi rashi ba. Mutum ɗari biyar da suka yi "Masha Allah" kuma kowa zai zo ya tambaya mi aka samu.

Akwai kuma tambayar da ba a yi kafin a biya kuɗi: hoton na wa ne? Kun biya, an turo muku goma ta WhatsApp, sauran suna cikin kwamfutar mai hoto. Gobe sai ku ga matarku da ɗanku a shafinsa, da lambar talhonsa a ƙasa, an maida su allon talla ba a tambaye ku ba. Daga nan kowa na iya kwafa. Mun san akwai ƴan damfara da ke ɗaukar hoton jinjirin da ba su sani ba, su ce ba shi da lahiya, su buɗe neman taimako. Wasu iyayen ma da hannunsu suke ƙara sauƙaƙa aikin, su sa cikakken suna, ranar haihuwa, har karnen likita cikin hoton. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar da aka kafa don ita, HAPDP, kuma hoton fuska yana cikin bayanan mutum. Ba sai an kai can ba. Kafin ya ɗaga kamara ku gaya mishi gaban shaida cewa ba a sa ko ɗaya a shafi ba da izininku ba. In ya ƙi, akwai wani mai hoton a layi na gaba.

Wani abu da ke ba mu mamaki: yaro yana da hoto ɗari kafin ya yi wata guda, amma ba ya da takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa, kuma kyauta ne cikin wa'adin. In ya wuce sai an bi ta gaban alƙali. Duk shekara in jarrabawar BEPC ta matso muna karɓar kiran iyaye da ke gudu tsakanin ma'aikatar magajin gari da kotu. Ranar nan ba wanda zai karɓi hoton kwando.

Kar wani ya ce muna gaba da hoto, ko muna son toshe ma samari hanyar abinci. Hoton iyali namu ne tun da daɗewa. Philippe Koudjina ya ɗauki mutanen Yamai a shekarun 1960 da 1970, hotunansa yau tarihin birnin ne. Seydou Keïta na Bamako, wanda manyan gidajen tarihi na duniya ke baje aikinsa, yawancin hotunansa a tsakar gidansa ya ɗauke su, da hasken rana da zane guda rataye a bango. A irin hotunan nan yaro yana cinyar uwa ko ta kaka, ana ganin hannun da ya riƙe shi. Tsakar gida ma ai waje ne. Inuwar dogon yaro da hantsi, tabarma, kaka ta ɗauki jikanta, minti goma an gama, in ya yi kuka uwarsa tana nan kusa. Mai hoton da ya iya aikinsa zai fidda abin kirki daga nan. Bakin gulbi da tudun rairayi kuma suna nan ba inda za su, a je in yaro ya yi wata shida yana zama, yana dariya, a samu hoton da ya fi na mai barci.

Ku kuma magidanta, da ku muke. Ku ke biyan kuɗin, ku ke tuƙa motar, kuma sau da yawa ku ke son abokai su gani. Kar gobe a ɗora ma mata laifi su kaɗai.

Muna gayyatar masu hoto na garuruwanmu, musamman waɗanda ke ganin mun yi musu rashin adalci, su zo gidan rediyo mu zauna. Za mu gayyato ungozoma ta zauna kujerar da ke kusa. Makirfo a buɗe yake, ba za mu katse kowa ba. Tambayar da za mu fara da ita kuma ga ta tun yanzu, don kowa ya zo da shirinsa: in jinjiri ya yi shiru cikin kwandonka, ta yaya kake gane barci yake yi?