Tufafin gora: amfanin na gona ne, matsalar ta masana'anta

A kasuwannin Turai da Amurka, riguna da zannuwan gado masu tambarin “gora” na ƙara samun karɓuwa, ana tallata su a matsayin masu kare muhalli. Yankinmu, inda miliyoyin manoma a Benin, Mali da Burkina Faso suka dogara da auduga, na da dalilin sa ido kan lamarin.

A gona, gora na da fa'ida ta gaske. Wasu nau'o'inta na tsawon kusan santimita 90 a rana guda. Idan aka sare ta, sai ta sake tohowa daga saiwa ba tare da sabuwar shuka ba, saiwar kuma na riƙe ƙasa daga zaizaya. Ba ta cika buƙatar maganin ƙwari ko ban ruwa ba.

Sai dai daga gona zuwa masaƙa labarin ya sauya. Galibin yadin gora, wanda China ke kan gaba wajen sarrafawa, zaren biskos ne: ana narkar da itacen da soda mai ƙuna da sinadarin kabon disalfayid, wanda ke lahanta jijiyoyin ma'aikata, ya kuma gurɓata koguna idan ba a tace ruwan ba. A 2022, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanonin Walmart da Kohl's biyan tarar dala miliyan 5.5 saboda sayar da irin wannan yadi da sunan gora mai kare muhalli. Akwai hanya mafi tsafta, ta liyosel, inda ake sake amfani da kusan dukkan sinadarin, amma ta fi tsada.

Masu tallan gora kan kafa hujja da ruwan da auduga ke sha, suna misali da Tekun Aral da noman rani ya ƙafar a tsakiyar Asiya. To amma audugar Afirka ta Yamma ruwan damina take sha. Matsalarta ita ce yawan feshi, da kuma fitar da mafi yawanta waje ɗanya.

Don haka ƙasashe masu dazukan gora irin su Kamaru da Habasha sai su yi takatsantsan. Idan suka kafa masana'antun biskos babu dokar tace ruwa, abin da aka samu a gona koguna ne za su biya.