Gansakuka abinci ce, ba magani ba

Ana sayar da wasu ƙwayoyi kore da aka yi da gansakuka, ana cewa suna warkar da ciwon suga da hawan jini da ciwon gaɓɓai. Kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya san gaskiyar maganar.

A cikin teku akwai gansakuka ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganin ƙwararsu ɗaya. Masana sun samu sinadarai masu amfani a cikinsu. Wasu suna kare jiki daga lalacewa, kamar yadda mai yake hana ƙarfe tsatsa. Wasu suna rage kumburi. Amma yawancin gwajin, a ɗakin bincike da jikin dabbobi aka yi shi. Abin da ya yi wa ɓera aiki, ba lalle ya warkar da mutum ba.

Mu ba mu da teku, amma maƙwabtanmu sun san irin wannan abinci tun kaka da kakanni. A ƙasar Cadi, matan Kanumbu suna kwasar wata gansakuka a tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su sa a miya. Suna kiranta dihe, Turawa kuma sifirulina. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar birnin da yanzu ake kira Injamena. Fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Ku lura: a tukunyar miya suke sa ta.

Saboda haka ga shawarata. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya bar maganin likita don waɗannan ƙwayoyi. Kada kuma kowa ya kwashi koren da ke kan tafkin garinsu ya ci, domin wata gansakukar tana da guba mai lalata hanta.

Mai neman sinadarai masu kare jiki, ya dubi garakenmu na Jiratawa da Tsibiri da bakin Gulbin Maraɗi. Zogala da karas da tumatir suna ɗauke da su. A shanya ganyen zogala a inuwa, a daka, a riƙa zuba wa yara a kunu.

Kuɗin kwalba ɗaya gara a sayi ganye da ƙwai. Allah ya ba mu lafiya.