Mai Wallafa ko Mai Injin Buga Takarda?

Wata al'ada ta samu gindin zama a harkar littattafan Hausa, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram har Kano, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Marubuci zai shekara biyu yana fama da labarinsa, ya kai wa wanda ya laƙaba wa kansa sunan mai wallafa, sai a tarye shi da tambaya: kwafi nawa yake so, nawa kuma ya zo da shi? Ba a buɗe shafin farko ba, an riga an yanka masa farashi. Mai yin haka ɗan kwangilar buga takarda ne, kuma kiran kansa edita yaudara ce.

A Ingila da Amurka marubuci yakan aika wa wakilin marubuta wasiƙa da babin farko. Idan wakilin ya karɓa, shi zai nema wa littafin kamfani, ladansa kuma yawanci kashi 15 cikin 100 ne na abin da marubucin ya samu. Wakili mai mutunci ba ya karɓar kuɗin karatu. Ƙa'idar a fili take: kuɗi wajen marubuci suke tafiya.

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne da bai taɓa shafar Hausa ba. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya, aka karanta abin da aka aiko, aka zaɓa, aka gyara. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ana iya sukar yadda East ya sa hannu cikin rubutun mutane, amma ba wanda zai ce bai karanta ba.

Illar rashin edita tana bayyana tun a haruffa. Littafi zai fito an zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Nijeriya 'ya'ya, sai a ga duka biyun a shafi guda domin ba wanda ya zauna ya tsayar da ɗaya. Ɗalibin da ke koyon rubutu da irin wannan littafi kuskure yake haddacewa.

Mai zane ya fi kowa shan wuya. Maimakon a duba samfurin aikinsa a ƙulla yarjejeniya, sai a sa shi ya zana littafi sukutum a matsayin gwaji, daga baya a buga ba sunansa a bango.

Hujjar masu wannan sana'a ita ce takarda ta yi tsada, masu saye kuma sun yi ƙaranci. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne marubuci ya biya a buga masa. Haka adabin kasuwar Kano ya tashi a shekarun 1980, marubuta suna ɗaukar nauyin kansu ido buɗe. Laifin yana ga wanda zai karɓi kuɗin bugu, ya riƙe haƙƙin mallaka, ya kuma ƙi yin aikin gyara. Tsadar takarda ba ta hana mutum karanta shafi ɗari.

Tun da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, buƙatar littattafai masu inganci za ta ƙaru. Kafin marubuci ko mai zane ya miƙa aikinsa, ya dace ya tambayi wanda zai karanta shi, da wanda zai biya, da wanda haƙƙin zai zauna a hannunsa, ya kuma nemi amsar a rubuce. Wanda ya ƙi amsawa, a ba shi aikin inji kawai, a riƙe littafin.