Harsashi mai zafi: Ƙarfin da bindiga ke biya da jikinta

Duk maharbin da ya taɓa ɗura wa bindigar toka albarushi ya san akwai ma'aunin da ba a wucewa. Ka ƙara kaɗan ta yi ƙara ta kai nesa, ka zarce ta tsage a hannunka. Wannan tsohon ilimi na mafarauta shi ne dai ake ta jayayya a kansa a Amurka, ƙasar da mallakar bindiga ke cikin tsarin mulki, sai dai su a kan ƙaramar bindiga ta zamani suke magana, wato fistol mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi.

A shagunansu akwai harsashin da ake buga wa alamar +P a gindin kwanso. Girmansa ɗaya da na yau da kullum, yana shiga bindiga lafiya lau, amma matsin da yake haifarwa a cikin bututu ya fi yawa. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara wa masana'antun makamai na Amurka ma'auni, ta sa iyakar harsashin milimita 9 a awon psi 35,000, na +P kuma 38,500. Ƙarin kashi 10 cikin 100 ke nan. Akwai kuma +P+, wanda ƙungiyar ba ta ba shi wani ma'auni ba ko kaɗan. Abin da alamar ke cewa kawai shi ne ya wuce iyaka, ba ta faɗi da nawa ba.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan masu riƙe da fistol, musamman jami'an tsaro da ke aiki da bindigar gwamnati, ribar wannan harsashi ba ta kai kuɗin da ake biya ba. Kuma ba a kanti ake gama biyan kuɗin ba.

Sai an fahimci yadda fistol ke aiki kafin a gane dalili. Idan aka danna kunama, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke tura marfin saman bindigar baya. Marfin ya zame, ya fitar da kwanson da aka harba, ya matse wani sifirin da ke ƙarƙashin bututu, ya bugi jikin bindigar, sannan sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗauko sabon harsashi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. An auna nauyin marfin da ƙarfin sifirin ne daidai da wani irin harsashi. Idan ka sa mai zafi, marfin zai koma baya da gudun da ya fi wanda aka tsara, ya bugi jiki da ƙarfi. Sifirin ya riƙa gajiya da wuri, idan ya gaji kuma bugun ya ƙara tsananta. Ƙarfen da ke kulle bututu da marfi, da ƙugiyar da ke fizgo kwanso, da ƙusoshin da ke riƙe da su, kowanne yana karɓar rabonsa.

Ba a rana ɗaya abin ke bayyana ba, nan ne ma haɗarin. Kamar motar da ake ɗora wa lodin da ya fi ƙarfinta ne: yau ta kai Kano ta dawo, gobe ma haka, direba ya ce ai ba komai. Tsagar da ke cikin ƙarfe ba ta sallama.

Sojojin Sweden sun ga haka da idonsu. Suna da fistol samfurin m/40 da kamfanin Husqvarna ya ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa zanen bindigar Lahti ta ƙasar Finland, da ƙarfen da bai kai na asalin inganci ba. Sai aka riƙa zuba mata harsashin m/39B, wanda aka yi domin ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta. Girma ɗaya ne, milimita 9, don haka yana shiga. Bindigogin suka fara tsagewa, har a shekarun 1980 aka janye su, aka koma ɗauko tsofaffin fistol na m/07 daga ma'ajiya kafin a sayo Glock.

Na Amurka ya fi wannan tayar da ƙura. A 1985 sojojinta suka zaɓi Beretta 92F, suka sa mata suna M9. Shekara biyu bayan nan marfin wata ya karye ana cikin atisaye, rabinsa ya yi baya ya bugi fuskar wani sojan ruwa. Rahoton ofishin binciken kuɗin gwamnati na 1988 ya lissafa marfi 14 da suka karye, yawancinsu a wajen gwaji. Kamfanin ya ɗora laifi a kan harsashi mai matsin da ya wuce ƙa'ida, binciken soja kuma ya nuna yatsa ga ingancin ƙarfen. Ni a ganina jayayyar kanta ita ce darasin: idan ƙarfe yana da ɗan rauni, harsashi mai zafi ne ke saurin tona shi. Daga ƙarshe aka yi wa bindigar gyara, aka sa wata ƙusa mai faɗin kai da za ta tare marfin idan ya karye, aka kira ta 92FS.

Masu goyon bayan +P suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce bindigogin zamani na manyan kamfanoni an ƙera su da ƙarfin ɗaukar sa, kuma gaskiya ne, wasu ma sun rubuta haka a littafin da ke zuwa da bindigar. Sun ce mutum na iya yin atisaye da harsashin yau da kullum ya ajiye mai zafin don ranar tsanani, ta yadda ɗan abin da zai harba ba zai tsufar da komai ba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. To amma me aka samu? Ƙarin gudun harsashin bai cika kai kashi 10 ɗin da aka ƙara a matsi ba, ga ƙarin naushi a hannu, ga ƙara, ga jinkirin daidaita saiti a harbi na biyu. Hukumar FBI ta bi wannan hanya ta neman ƙarfi bayan musayar wutar Miami ta 1986: ta koma milimita 10, daga nan .40, sannan bayan kusan shekara 30 ta dawo milimita 9. Cikin dalilanta akwai cewa jami'anta sun fi samun saiti da shi, kuma bindigogi sun fi daɗewa.

A Najeriya wannan ba maganar farar hula ba ce, domin dokar makamai ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi sai da lasisin shugaban ƙasa. Maganar ɗan sanda ce da soja da jami'in kwastam da ke rataye da ita a ƙugu. Ɗan Amurka ya san bindigarsa, shi ya saye ta, yana iya ƙirga abin da ya harba. Bindigar hukuma kuwa hannu da yawa take bi, kuma wanda ya sa hannu ya karɓe ta da safe ba shi ya zaɓi harsashin ba. Wani ne a ofis ya amince da kwangilar.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ta kamata 'yan majalisa masu sa ido kan kasafin tsaro su riƙa yi ba ta tsaya a "harsashi nawa aka sayo" ba. Wane iri ne, wa ya gwada matsinsa, kuma da wace bindiga aka gwada? An ware na fistol da na bindiga mai sarrafa kanta, ko tunda duk milimita 9 ne a akwati ɗaya suke? Kowace bindiga tana da katin da ke nuna adadin harbin da ta yi? Masu ƙera fistol galibi suna ba da shawarar a sauya sifirin bayan harbi 'yan dubbai, da wuri ma idan harsashi mai zafi ake sa wa. Sifirin shi ne kusan mafi arha a jikin bindigar, amma ba wanda zai san lokacin sauya shi ya yi idan babu mai rubuta lissafi.