Wa Ya Ce Mimbari Ba Ruwansa da Yunwa?

'Yan'uwa masu sallah a masallatan Gure.

Magana biyu suna yawo a garinmu, kuma duka biyun ɓata ne. Wasu 'yan boko suna cewa malam ya tsaya ga alwala da gado, ya bar zancen talauci da hukuma ga masu takarda, tunda tsarin mulkin 2010, wanda ya yi aiki har zuwa 2023, ya raba hukuma da addini. Wasu almajiran ilimi kuma, in ka kawo musu lissafin yunwa, sai su ce wannan tunanin Nasara ne, talauci ƙaddara ce.

Ga ma'auni. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Yara 52 ne, mata 33, akasarinsu daga Kance, cikin jiharmu ta Damagaram. Ƙishirwa ta kashe su suna neman abin kaiwa baka. Wannan mas'alar ta boko ce ko ta addini? Ranar Alƙiyama za a tambayi mai hatsin da ya hana zakka, da mai mulkin da ya kau da kai.

Ga na farko muna cewa: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa mahukunta a cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Tsarin mulki ya tsara ikon hukuma ne, bai rufe bakin mai wa'azi ba.

Ga na biyu muna cewa: halal da haram na malamai ne, amma yadda rairayi yake cinye gonakinmu da kwaruruwan dabino, wannan sai masanin ƙasa. Malamin da ya yi fatawa kan abin da bai auna ba ya yi zato da sunan Allah.

Umarni da kyakkyawa kuma yana da iyaka. Ƙona coci-coci a Damagaram cikin Janairun 2015 bai ciyar da maraya ko ɗaya ba, kuma ya zalunci maƙwabta.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin Juma'a mai zuwa ka fitar da zakkar hatsinka, ka binciki gidan da ba a ɗora tukunya a unguwarku, ka tambayi mahukuntan gari cikin ladabi ina kuɗin jama'a suka tafi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.